Sakan Huɗu a Gefen Hoto

Litinin, 20 ga Afrilu, 2020

Yau kwana goma sha ɗaya da rasuwar Darakta. Sunansa Labaran, amma tun ranar da ya ajiye ɗaukar hoton biki ya ce shi fim zai yi na laƙaba masa Darakta don tsokana, sunan kuwa ya bi shi har kabari. Wannan littafin na 'yan ajina ne, cikin waɗanda ban kai ga rabawa ba aka rufe makarantu. Zan riƙa rubutu a ciki kada bakina ya yi wari, don tun safe ban yi magana da kowa ba sai kaza.

Ina takaba, gari kuma yana kulle saboda korona. Ba mai zuwa gaisuwa sai ta waya. 'Yata Sumaiya tana Bauchi da jaririnta, an rufe hanya, kullum ta kira sai kuka, har na gaji da lallashin wadda ya kamata ta lallashe ni. Da lokacin lafiya ne, da tsakar gidan nan ba wurin ajiye takalmi. Yanzu ni ce da tabarma ɗaya.

Alhamis, 23 ga Afrilu

An ce gobe azumi. Na haɗa shayi kofi biyu ban sani ba. Na juye ɗaya a gindin zogale.

Asabar, 2 ga Mayu

Alhaji Mahmudu ya kira daga Kano, abokin Darakta da suka kafa kamfanin fim tare. Ya yi ta'aziyya karo na uku, da na ji ta yi tsawo na san akwai magana a bayanta. Maganar fim ce.

Fim ɗin yana hannuna. Yana cikin wani baƙin abu mai kamar sabulun wanki da suke kira had-dis, a ƙasan durowa, cikin safar Darakta. Haka yake aikinsa saboda tsoron masu satar fim su tura wa mutane a waya: ba ya barin kwafi a kwamfutar kowa. In an gama aikin ranar sai ya zare abinsa ya sa a aljihu ya hau motar Zariya. Shekara biyu yana wannan fim ɗin, Mai Tutar Jirgi. An tsara za a fara nuna shi a silima a Kano ranar Ƙaramar Sallah.

Alhaji ya ce silima duk a rufe suke, ba wanda ya san ranar buɗewa. Ya ce sauran kamfanoni sun fara yayyanka finafinansu kashi-kashi suna sawa a Yutub, mutane suna gida ba aikin yi sai riƙe waya, in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Na ce masa ni ba 'yar rawa ba ce, takaba nake yi.

Abin da ban gaya masa ba shi ne, kwana biyu kafin Darakta ya daina magana ya riƙe hannuna ya ce, “Malama, kada ki bari a sa min shi a waya. Don babban allo na yi shi.” Ni kuma na ce to. Me zan ce?

Ni kaina ban taɓa kallonsa ba. Na sha roƙo ya nuna min a kwamfuta, ya ce sai a silima, ina kusa da shi, sanye da sabon leshi.

Litinin, 11 ga Mayu

Sista Eunice ta miƙo min ƙosai ta kan katanga dab da shan ruwa, da takunkuminta a fuska ko a gida. Ta dawo daga asibiti a gajiye amma sai da ta tsaya muka yi hira, ita a kan bokiti, ni a kan turmi. Shekara goma sha huɗu muna maƙwabtaka, ban taɓa sanin katangar nan tana da amfani haka ba.

Ta ce babanta kullum sai ya tambayi fim ɗinsa. Fim ɗinsa! Baba Kato tsohon ma'aikacin reluwe ne, ya haura saba'in da biyar. Darakta ya gan shi a teburin mai shayi yana ba da labarin yadda yake ɗaga wa jirgi tuta, ya dawo gida yana rawar jiki ya ce ya sami jaruminsa. Labarin fim ɗin ke nan, tsohon da yake fitowa bakin dogo da tutarsa kullum ƙarfe huɗu, alhali jirgin ya daina wucewa. Na ce wa Darakta wa zai biya kuɗi ya kalli tsoho yana jiran abin da ba zai zo ba? Ya ce ai rabin ƙasar nan aikin da suke yi ke nan.

Na ce wa Sista ta gaya wa Baba ya yi haƙuri, da an buɗe silima za mu tafi tare.

Lahadi, 24 ga Mayu

Sallah. Ba Idi, ba yara masu yawon barka da sallah, layinmu shiru kamar an yi shara. Yau ce ranar da za a nuna fim ɗin.

Na buɗe durowa na ciro leshin da ya saya min, ruwan ƙasa da zare mai ruwan zinariya. Tela bai ma gama hannun rigar ba. Na shimfiɗa shi a kan gado na ɗora had-dis ɗin a kai, na zauna ina kallonsu su biyu har la'asar. Na yi kuka sosai yau, irin wanda ban yi ba ranar jana'iza saboda ido. Ina kewarsa, ina kuma jin haushinsa. Mutum ya tafi ya bar ka da gadin safa.

Laraba, 3 ga Yuni

Alhaji kuma. Yau ya zo da shirinsa. Ya ce ko an buɗe silima ba za a bari a cika ta ba, kujera ɗaya da mutum, ɗaya ba kowa, kuma manyan kamfanoni suna da layin finafinai da za su riga mu shiga. Ya ce wasu suna riƙe manyan finafinansu suna sakin ƙanana a waya don kada a manta da su, amma mu wannan ɗaya muke da shi. Ya ce fim ba gero ba ne da za a zuba a rumbu, in ya daɗe tsufa yake yi, kuma mutum talatin ne suka yi aikin nan suna jira a ga sunansu.

Duk gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji haushi. Na gaya masa wasiyyar Darakta. Ya ce Allah ya jiƙan Labaran, ya dame shi da taurin kai yana raye, ya kuma bar masa magajiya. Na kashe wayar ban yi sallama ba. Zan ba shi haƙuri, amma ba yau ba.

Talata, 9 ga Yuni

Ruwa tun hantsi. Kwanon falo yana yoyo daidai inda ya ce zai gyara bayan Sallah.

Lahadi, 14 ga Yuni

Baba Kato ya faɗi a banɗaki shekaranjiya. Sista ta ce bai karye ba, amma tun daga nan ya ƙi abinci, kunu ma sai da faɗa. Zuciyarsa da ma ba ƙarfi. Ba ta so ta kai shi asibiti a irin wannan lokaci, tana duba shi a gida.

Ta ce jiya da ƙarfe huɗu ya sa ta ɗaga shi zaune, ya ɗaga hankicinsa sama kamar tuta, ya ce yana bita ne kada a zo sake ɗauka ya manta. Ta faɗi haka tana dariya, hawaye yana jiƙa mata takunkumi. Ba ta roƙe ni komai ba. Da ta roƙa da ya fi min sauƙi, da na sami wanda zan yi wa gardama.

Litinin, 22 ga Yuni

Alkawari kaya ne, ni kuma ban san nauyin wannan ba na ɗauka.

Abin dariya, sau ɗaya tak na taɓa shiga silima. Shekara biyu da suka wuce ya kai ni Kano, ya saya min gugguru a kwali mai tsadar da har yau ban yafe ba. Sanyin na'ura ya buge ni, kafin a kai rabi na yi barci a kafaɗarsa. A mota yana ta yi min bayani, wai a babban allo in ka ɗauki mutum daga nesa yana tafiya shi kaɗai a fili, mai kallo zai ji kaɗaicin a ƙirjinsa, amma a waya mutumin ƙuda zai koma. Na ce to ni dai barcin ya yi daɗi. Ya yi fushi har Kwanar Dangora.

Kaɗaicin da yake ta wahalar ɗauka da kyamara, ga shi nan ya bar min kyauta, ba tikiti.

Talata, 7 ga Yuli

An buɗe hanyoyi makon jiya, yau sai ga Malam Zulkiflu daga Kano da jakar kwamfuta. Shi ne mai tace wa Darakta hoto shekara goma, har furfura ta fito masa a gaban allo. Na san Alhaji ne ya turo shi. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, na zauna daga bakin ƙofa da hijabina.

Ya ce bai zo karɓar komai ba. Ya ce akwai gyara guda ɗaya da Darakta ya bari za a yi kafin a kai fim silima, ciwo ya hana, kuma ko yaushe za a nuna shi dole a yi gyaran. Ya nuna min takardar, rubutun Darakta ne da jan biro mai kama da tafiyar kaza: “Minti 47. A cire ni. Abin kunya.” Na ce a cire shi daga ina? Shi da bai taɓa yarda ya fito a fim ba? Zulkiflu ya ce sai dai in gani da idona.

Na daɗe a tsaye gaban durowa. Daga baya na ce wa kaina duba gyara ba kallon fim ba ne. Na ɗauko.

Fitowar bakin dogo ce, can bayan Tudun Jukun. An ɗauko daga nesa, fili fetal, Baba Kato a tsakiya ƙanƙane da jar tutarsa. Na ce ban ga komai ba. Ya mayar baya, ya sa yatsa a gefen hagu.

Darakta ne. Ashe ranar 'yan kallo sun taru kamar yadda suke yi duk inda aka kafa kyamara, wanda aka sa ya tare su ya tafi sallah, shi ne Darakta ya ruga da kansa. Ga shi nan ya shigo gefen hoto da shuɗiyar rigarsa da na goge masa da safen, ya buɗe hannuwa biyu yana kora mutane baya kamar mai kora awaki, silifas ɗinsa ɗaya ya fice, ya waiwayo ya ɗauka, ya fita. Sakan huɗu. Ba su lura ba sai wajen tacewa, lokacin an rushe ɗakin mai gadin da ke cikin hoton, ba halin sake ɗauka.

Na ce ya sake. Ya sake. Na ce ya ƙara. Ban san sau nawa ba, shi dai ya kawar da kai yana kallon titi.

Ba ni da bidiyonsa ko ɗaya. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ɗaukar mutane, kullum yana bayan kyamara. Hotuna ma sai na fasfo da na aurenmu.

Zulkiflu ya ce a silima dole a yanke gefen, don a allon nan Darakta zai kai tsawon ƙofa, mutane za su fashe da dariya a fitowar da ake so su yi kuka. Na ce a waya fa? Ya ce, “A waya, Hajiya, ko ni da na san wurin sai na ƙura ido.” Ya ce in ina so zai yanko min sakan huɗun ya tura min in ajiye, sannan a goge shi daga fim ɗin. Na ce a'a da ƙarfin da ya ba shi mamaki. Ban iya yi masa bayani ba. In an yanko shi, wani mutum ne kawai yana neman takalminsa. A cikin fim ɗin kuwa yana wurin aikinsa, ga Baba Kato, ga dogo, ga ranar da ya fita ya dawo min da ƙafa duk ƙaya.

Na karɓi had-dis ɗina na mayar cikin safa. Ya ci abinci ya tafi.

Laraba, 8 ga Yuli

Shuɗiyar rigar tana nan a rataye. Na duba.

Laraba, 15 ga Yuli

Sista ta ce Baba ya ƙara ramewa, jiya ya tambaye ta ko an fasa fim ɗin ne ake ɓoye masa. Na sauko daga kan turmi na kira Alhaji kafin in sake tunani. Na ba shi haƙurin kashe masa waya, sannan na ce ya turo a karɓa, a sa a Yutub ɗin. Ya yi ta hamdala har na ji kunya. Ya ce za a raba shi kashi shida, duk Juma'a ɗaya, a fara ranar Babbar Sallah.

Na ce da sharaɗi: kada a taɓa minti na arba'in da bakwai. Ya ce ai Labaran da hannunsa ya rubuta a cire. Na ce na sani, na ga rubutun. Ya ce to me ya sa? Na ce masa haka nan.

Saboda Baba Kato na yi. Tsoho ba zai mutu yana jiran silima ba. Haka na gaya wa Sumaiya, haka na gaya wa Sista, haka kuma zan gaya wa Darakta in mun haɗu. Na saɓa masa sau biyu a waya ɗaya, Allah ya yafe min.

Juma'a, 31 ga Yuli

Babbar Sallah. Ba mu yi layya ba bana, maƙwabta sun aiko da nama har ya yi min yawa. An saki kashi na ɗaya da azahar. Ban kalla ba, na kife wayata a kan firji.

Amma katanga ba ta da sirri. Na ji kiɗan farkon fim daga ɗakin Baba Kato, sai shiru, sai na ji muryarsa, wadda rabona da jinta tun kafin azumi: “Eunice, wannan tsohon ni ne? Ashe haka na lalace ba ku gaya min ba?” Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya sa an mayar masa farko sau uku. Da yamma Sista ta leƙo ta ce ya cinye tuwo malmala ɗaya da rabi.

Na ji daɗi. Na kuma ji kamar na sayar da wani abu da ba nawa ba.

Lahadi, 16 ga Agusta

Na fita takaba yau. Sumaiya ta zo tun Alhamis da yaron, ta wanke min kai, ta yi min kitso, ta matsa sai da na sa kwalli. Na kalli madubi na ga wata mata da ta yi kama da yayata. Mutane sun zo, an yi addu'a, an ci waina. Gobe za su koma.

Shekaranjiya aka saki kashi na uku. Na yi lissafi a kaina kamar ina gaban allo: kowane kashi minti ashirin, arba'in da bakwai ke nan minti na bakwai a kashi na uku. Sumaiya ta kalla a gabana, tana ta yabon Baba Kato, fitowar ta zo ta wuce. Ba ta ga babanta ba. Na buɗe baki zan nuna mata, sai na rufe. Zan nuna mata wata rana.

Asabar, 12 ga Satumba

Alhaji ya kira, wai an ba da izinin buɗe silima. Ya ce da mun san haka, amma bai ƙarasa ba, ya koma ba ni labarin yawan mutanen da suka kalli fim ɗin, har daga Nijar da Sudan ana rubuto addu'a ga Darakta. Ya ce wanda ya riga ya fita a waya ba mai karɓarsa a silima, sai dai na gaba. Babu na gaba, mu duka mun sani. Wata biyu kacal da na ƙara haƙuri, da an ga filinsa a babban allo kamar yadda ya so.

Baba Kato kuwa, wanda na karya alkawari don kada ya mutu bai gani ba, ɗazu na hango shi a teburin mai shayi da sandarsa, 'yan acaɓa suna wucewa suna yi masa kirari da Mai Tuta, yana ɗaga musu hankici. Ya yi ƙiba. Allah ya ƙara masa lafiya, amma ya bar ni ba hujja.

Na kai leshin wurin tela ya ƙarasa hannun. Ba don komai ba, zama yake yi yana cin wuri.

Data tana saurin ƙare min kwanan nan, ban san dalili ba. To, na sani. Da ƙarfe huɗu in na idar da la'asar nakan zauna a gindin zogale in buɗe kashi na uku, in ja zuwa minti na bakwai. A silima da ba wanda zai tsayar min da shi. A nan ina danna yatsa ya tsaya, da ƙafa ɗaya ba takalmi, ƙanƙane kamar ƙudan da yake faɗa. Mutum dubu nawa suka wuce ta wurin ba su gan shi ba.

Yau na ce masa ya yafe min. Yana can gefen hoto, hannuwa a buɗe, yana korar 'yan kallo. Kowa ya matsa. Ni dai ban koru ba.